Ruwan Idon Inna Modibbo da Aka Ɗauka Kuka Ne

Da sunan Allah Mai warkarwa. Na zauna rubuta wannan ne saboda masu ciwon suga da masu jinyarsu, musamman a irin garuruwanmu da likitan ido yake da nisa. Ciwo ya kusa cinye wa mahaifiyata ido ɗaya, mutane suna ta shigowa suna ba ta haƙuri. Allah Ya tsare, ga ta nan tana gani, amma ba na so wani ya bi hanyar da muka bi kafin ya gane.

Sunana Balkisu, ina aure a Gummi. Mahaifiyata kowa Inna Modibbo yake ce mata, domin tun muna Zugu, can ƙasar Bukkuyum, ita ke karantar da matan aure a tsakar gidanmu bayan la'asar. Bafulatana ce 'yar gidan makiyaya. A hannun mahaifinmu, Malam, mai makarantar allo a ƙofar gida, ta yi karatu har ta kai inda ta kai. Mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ban taɓa jin ta ambaci sunan Malam ba. Yayana Bello ma, ɗanta na fari, "wancan na Anka" take ce masa, saboda can yake aikin gwamnati.

An daɗe da gano tana da suga, a wani asibiti a Bukkuyum. Aka ba ta kati da ƙwayoyi, tana sha idan ta tuna. Da hare-hare suka yi yawa a Zugu, har ta kai mutum ba ya iya zuwa gonarsa, sai ita da Malam suka taso suka dawo Gummi, maigidana ya ba su sashe a gidanmu. A wannan tashin kati ya ɓace, ƙwayoyi suka ƙare. Inna ta koma shan jiƙon ganyen darbejiya da garahuni, tana cewa ɗacin zai wadatar. Ƙishirwa ta yi mata yawa, buta ba ta rabuwa da hannunta, amma ba ta kwanta ba, don haka babu wanda ya ɗaga hankalinsa.

Malam bai daɗe a Gummi ba zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah Ya karɓi abinSa. Ranar jana'iza ni da ƙannena muna ta kuka, Inna kuwa tana zaune bisa buzunta da carbi, ita ke rarrashin masu zuwa gaisuwa. Ko ɗigon hawaye ban gani a fuskarta ba. Matan Zugu da ke zaman gudun hijira a Gummi suka riƙa cewa, "Kun ga Modibbo, abin da take koya muna shi take aikatawa."

Wajen ƙarshen takaba ne idanun suka fara. Da farko sai ta ce tana jin kamar yashi a ciki. Idan hayaƙin murhu ya bugo, ko iska ta taso, ko ta daɗe tana duba Alƙur'ani, sai ruwa ya cika idon ya gangaro. Ta share da gefen mayafi, kafin ta ajiye hannu wani ya zubo. Da asuba kuma fatar idon takan manne da kwantsa, sai ta sa ruwa kafin ta buɗe. Rubutu yakan yi mata hazo, idan ta ƙifta sau biyu ya washe, can kuma ya koma.

Duk wanda ya shigo ya gan ta sai jikinsa ya yi sanyi.

"Haƙuri, Modibbo. Haƙuri za ki yi, duk can muka nuhwa."

Ita kuma ta ce, "Ba kuka nika yi ba. Ido na ka zubad da ruwa."

Sai su kaɗa kai cikin tausayi, su ƙara ba ta haƙuri. Wa zai yarda? Mace ta rasa garinta, ta rasa mijin da suka yi zaman shekaru masu yawa, ga ruwa yana bin kumatunta. Ni kaina na ɗauka abin da ta danne ne yake fitowa.

Da ta fita takaba ta sake buɗe karatun mata a tsakar gidanmu. Nan abin ya ƙara tsananta, domin karatun ne ya fi sa ruwan zuba. Tana biya wa mace aya, hawaye na sauka, sai ka ga ɗalibai su ma sun fara matsar ƙwalla. Wata rana Gwaggo Dije, ƙanwar Malam, ta zo daga unguwarsu ta tarar da haka. Gwaggo mace ce mai son mutane, mai saurin hawaye da saurin magana, ba ta iya ɓoye abin da ke ranta. A gaban mata ta ce:

"Haba Modibbo! Yau wata nawa? Ke da kika karanta muna haƙuri, ke ta za a riƙa ba haƙuri? Ni da munka hito ciki ɗaya da shi na dangana. Ki bar shi ya kwanta lahiya mana."

Inna ta rufe Alƙur'ani, ta sa shi cikin gafaka, ta ce wa mata a tashi haka nan. Washegari da suka taru ta aiko ni in ce musu an ɗage karatu sai yadda hali ya yi. Daga ranar ta shige ɗaki. Ga Bafulatana irin Inna, a ce an gan ta tana kukan miji a bainar jama'a wata da watanni, abin kunya ne da ya fi ciwon kansa zafi. Ta daina fitowa tsakar gida sai alwala. Idan ta ji sallamar baƙi sai ta juya fuska bango, ta ce in ce tana hutawa.

A nan ne magunguna suka fara shigowa. Gwaggo Dije, da ta ga abin da maganarta ta jawo, sai ta tashi haiƙan neman gyara. Ta kawo kwallin da aka yo mata tsaraba daga Makka. Ta kawo ruwan rubutu, a sha a shafa. Wata maƙwabciya ta ce a ɗiga nonon mai jego. Wata ta ce ruwan sukari yana wanke ido. Wani dattijo daga dangin Inna na rugga ya aiko da wani garin saiwa a ƙullin leda. Inna ta sha rubutu, ta sa kwalli, sauran wasu ta karɓa wasu ta ture. Maigidana kuma ya biya wani kemis a kasuwa ya yi bayani, aka ba shi wani ɗan kwalban maganin ɗigawa, aka ce yana ɗauke ja da ƙaiƙayi nan take.

Ya kuwa ɗauke. Makon farko idon ya yi fari tas, muka yi ta hamdala. Ruwan dai bai tsaya ba, amma jan ya tafi. Da kwalban ya ƙare aka sayo wani. A cikin na biyun ne wata safiya, na kai mata kunu, hasken ƙofa ya faɗa kan fuskarta, na hango wani ɗan farin ɗigo a kan baƙin idonta na hagu, kamar ƙwayar gero.

Na ce, "Inna, tsaya in gani. Wanga abu ba ya yi miki zahi?"

Ta ce, "Ba wani zahi. Hazo dai nika gani ta nan ɓangaren."

Rashin zafin ya sa muka ƙara jinkiri. Muka ce da wani abu ne mai tsanani ai da ba ta iya barci. Kafin mako ya zagayo ɗigon ya faɗaɗa, idon ya koma ja fiye da da, ba ta iya kallon haske. Na kira Yaya Bello a waya na gaya masa. Washegari da hantsi sai ga shi a kan babur daga Anka, duk da halin da hanyar take ciki. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar yadda ta saba. Da ya matsa ya ga idon, sai ya ce, "Inna, asibiti za mu, yanzu."

Ta ce, "A kai ni in zauna cikin taro ina zubad da ruwa, kowa na kallo na? Ku bar ni. Idon ga ya ga abin da zai gani."

Yaya bai yi gardama ba. Ya koma bakin ƙofa ya zauna a ƙasa, ya ce ba zai koma Anka ba, ba zai kuma ci abincin gidan nan ba, sai ta tashi. Azahar ta yi yana nan, la'asar ta yi yana nan. Inna ba ta iya yi masa magana kai tsaye, sai ta riƙa aiko ni. "Ce ma wancan ya tashi ya ci tuwo." Ya ce in ce mata ya ƙoshi. Dab da magariba ta ce, "Ce mishi Allah Ya kai mu gobe."

Asibitin da muka fara zuwa mun tarar da layi har waje. Muka yanki sabon kati, muka zauna a benci tun safe har rana ta take. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Da aka zo kanmu, ma'aikacin da ya duba ta ya tambaya ko tana da wani ciwo. Na ce suga, amma ta daɗe ba ta shan magani. Ya sa aka huda yatsarta. Da ya ga abin da na'urar ta nuna sai ya ajiye biro ya dube mu.

"Da ƙahwarta ta shigo nan?"

Ya ce sugan ya hau ƙwarai. Ya karɓi kwalban kemis ya karanta, ya ce kada a ƙara ɗiga shi ko sau ɗaya. Ya ce su ba su da na'urar duba irin wannan ido, kuma idon ba zai jira ba, mu wuce Sakkwato. Na ji haushin zaman da muka yi na rabin wuni don a ce mana mu tafi wani wuri. Amma ina gode wa mutumin nan har gobe, domin bai ruɗe mu da wani maganin ya ce mu dawo bayan mako biyu ba. Ya yi mata allura, ya rubuta mana takarda, ya ce gobe-gobe.

Muka shiga motar safe, ni da Inna da Yaya. Gwaggo Dije ta ce ƙafarta ƙafarmu, ba a kai matar yayanta wani gari ba da ita ba. Hanya dai kowa ya san yadda take. Direba ya jira wasu motoci aka jeru, kowa bakinsa da addu'a, har muka fita daji.

A Sakkwato ma layi ne, na masu ido kawai, tsofaffi da yara, wasu da auduga a manne. Likitar da ta gan mu mace ce, ba ta girme ni ba. Ta sa Inna ta ɗora haɓa a kan wata na'ura mai fitila, ta ɗiga mata wani ruwa mai launin rawaya, ta daɗe tana leƙawa. Sannan ta murza ɗan zaren auduga ta taɓa baƙin idon da shi. Inna ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Likita ta ce, "Inna, kin ji na taɓa ki?"

"Ban jiya ba."

Ta koma kujerarta ta ce, "Inna, idanunki bushewa sunka yi."

Karo na farko tun rasuwar Malam na ji Inna ta yi dariya. Ta ɗaga gefen mayafinta da ya jiƙe sharkaf ta nuna mata. "Ɗiyata, wanga shi na bushewa?"

Likita ita ma ta yi murmushi. Ta ce ido yana da ruwa iri biyu. Akwai wani ɗan siriri mai maiƙo da yake lulluɓe da ƙwayar ido kullum, ba a ganinsa, shi ke hana ta bushewa. Akwai kuma mai yawa, wanda ke zubowa idan hayaƙi ko tsakuwa ta shiga. Ta ce suga idan ya daɗe a sama yana lalata ƙananan jijiyoyin ido da wuraren da ke fitar da wancan siririn ruwan da maiƙonsa. Sai ido ya bushe ya riƙa kartuwa, jiki kuma ya yi ta turo ruwa mai yawa don ya kai ɗauki. Amma shi wannan ba ya zama, zubewa yake kamar ruwan sama a kan fako. Maganar da ta zauna mini a kai har yau ita ce da ta ce, "Ga mai suga, idon da ya hi zuba sau da yawa shi ya hi bushewa."

Ta ce wannan farin ɗigon gyambo ne. Idon ya kartu, ƙwayoyin cuta suka shiga, wataƙila ta hanyar abubuwan da aka riƙa sakawa. Maganin kemis kuwa irin wanda ke kwantar da ja ne amma yana kwance wa ido ɗamarar yaƙi da cuta, don haka gyambon ya samu fili. Rashin jin zafi kuma ba alamar sauƙi ba ce, jijiyoyin da za su kai ƙara ne suga ya kashe musu ji, kamar yadda yake yi wa tafin ƙafa.

Inna ta ce, "Likita, ke nan ruwan ga ba na baƙin ciki ba na?"

"Ciwo na, Inna. Ko da ba ki rasa kowa ba, da haka za shi zuba."

Inna ta gyara zama. Ta ce, "Balkisu, kira min Dije. Ki kira wancan shi ma."

Na fita na shigo da su. Inna ta ce wa likita, "Don Allah maimaita abin da kinka ce, gaban waɗanga."

Likita ta maimaita, dalla-dalla. Gwaggo ta sa salati, ta kama haɓa. Inna ta juya ta fuskance ta da idonta mai ja, muryarta ba ta ko rawa.

"Dije, kin jiya? Na yi kukan ɗan'uwanki, ban ce ban yi ba. Amma na yi shi inda Allah kaɗai Ya gani, na gama, na dangana. Wanga da kunka gani suga na."

Gwaggo ta fashe da kuka, ta faɗa jikinta tana neman gafara. Inna ta dafa kanta ta ce, "To, ga mai kuka nan, likita. Ita za ki ba haƙuri." Har nas ɗin da ke tsaye sai da ta dara.

Aka ba mu gado. Makon farko shi ne mafi wuya. Maganin ɗigawa kala-kala, wani kowace awa, ba a tsallakewa. Ni da Gwaggo muka raba aikin, idan ɗaya ta gaji ɗaya ta karɓa. Nas ta koya mana wanke hannu da sabulu kafin mu taɓa kwalban, da yadda za a ja fatar ido ta ƙasa a ɗiga ba tare da bakin kwalban ya taɓa idon ba. Aka fara yi wa Inna allurar suga safe da yamma, ana huda yatsa har yatsunta suka yi tsami. Magungunan suna da tsada, wani ma babu shi a cikin asibitin sai an fita gari an nema. Albashin Yaya bai kai ko'ina ba. Inna da kanta ta ce a aika wa danginta na rugga su sayar da karsanarta da ke hannunsu. Ta ce, "Saniya ba ta karanta min Ƙur'ani."

Abinci ma ya zama wani yaƙin. Inna ta tashi da fura da nono, kuma tun da ta zo Gummi ta saba da tuwon shinkafa. Aka ce a rage su sosai, sukari kuwa a bar shi. Aka koma tuwon dawa ɗan madaidaici, miyar kuɓewa ko ta kuka, wake, zogale, nono ba sukari. Ranar farko ta kalli kwanon ta ce ko ɗan yaye ya fi ƙarfin wannan. Amma ta ci.

A mako na biyu likita ta duba ta ce gyambon ya tsaya, bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Ta ce idan ya ci gaba da zurfi zai iya huda idon, kuma idan ya ƙi rufewa za su ɗinke gefen fatar idon na ɗan lokaci don ya samu inuwa ya warke. Ranar na fita bayan ɗakin na zauna a gindin wata bishiya. Yaya ya koma Anka saboda aiki, kullum sai ya kira, ni kuma ban san abin da zan ce masa ba.

A cikin wannan makon ne wata mai jinya a gadon kusa da mu ta ba Gwaggo wani ƙulli, ta ce wani mai magani ne a garinsu yake haɗawa, yana cire hakiya cikin kwana kaɗan. Gwaggo, da tsoro ya cika ta, ta kawo shi a ɓoye cikin zani, ta raɗa wa Inna. Ina jin su. Inna ta karɓa, ta jinjina shi a hannu, ta miƙa mata abinta.

"Dije, na san don kina sona kinka kawo shi. Amma idon ga yanzu yana da mai shi. Ba a ƙara sa mishi abin da likita ba ta gani ba."

Gwaggo ta fita ta jefa shi a shara. Daga ranar ta zama ita ce 'yar sandan gadon. Duk wanda ya zo dubiya da lemun kwalba ko ƙullin magani, a bakin ƙofa take tare shi.

Da aka shiga mako na uku sugan ya fara sauka ya zauna. Inna ta ce ƙishirwa ta sake ta. Wata safiya likita ta leƙa na'urarta, ta daɗe, sannan ta ɗago ta ce in zo in gani da kaina. Na sa ido. Wurin da a da yake haske kore da faɗi saboda ruwan rawayan da suke ɗigawa, wanda fitilar ke mayarwa kore, yanzu ya tsuke ya koma ɗan tsinin allura.

Ta ce, "Yana ruhewa. Ba sai mun ɗinke ba."

Ban san lokacin da na rungume ta ba. Gwaggo ta rangaɗa guɗa a cikin ɗakin duba marasa lafiya, nas ta zo da gudu tana cewa a yi a hankali. Inna kuwa ta ce a nuna mata gabas, ta sauka daga kujera ta yi sujada a kan siminti.

Kafin a sallame mu likita ta buɗe ƙwayar idanun da magani ta duba can ciki. Ta ce suga ya fara taɓa jijiyoyin bayan idon amma bai yi nisa ba, idan aka riƙe shi za a tsira, kuma dole a riƙa kawo ta ana dubawa ko ba ta jin komai. Na tambaye ta ko duk mai suga da idonsa ke ruwa bushewa ce. Ta ce a'a. Wani ƙwayoyin cuta ne, domin mai suga yana saurin kamuwa. Wani bakin fatar idon ne ke kumbura ya toshe maiƙon. Wani 'yar hanyar da ke kwashe hawaye zuwa hanci ce ta toshe. Wani ɓarin fuskarsa ne ya saki har idon ba ya rufuwa sosai. Wani kuma hawan jinin ido ne, wanda ke makantarwa. Ta ce daga waje duk kamarsu ɗaya, ruwa ne ke zuba, sai an duba ake rarrabewa. Shi ya sa maganin da ya yi wa wani aiki yake iya kashe idon wani.

Muka dawo Gummi da jakar magani. Akwai wani ruwan ɗigawa mai kama da hawaye da za ta riƙa sawa kullum. Safe da yamma ina jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi in ɗora mata a kan idanu, sannan in goge bakin fatar. Maigidana ya mayar da murhu can bayan gida saboda hayaƙi. Allurar suga muna ajiye ta a cikin ɗan tulu da aka binne a jiƙaƙƙen yashi, tunda wuta ba ta zama. Inna ta koyi yi wa kanta allurar, ta ce ba za ta zauna jiran kowa ba. Daga baya da sugan ya daidaita aka mayar da ita kan ƙwayoyi.

Ruwan bai ɗauke rana ɗaya ba. Raguwa ya riƙa yi, har wata rana na lura mayafin da na wanke mata ba shi da wannan taurin gefen da na saba gani. Idon hagu ya bar ɗan tabo fari a gefe, ganinsa bai kai na da ba, amma tana gane fuska da shi, tana ganin hanya. Na dama kuwa, da aka yanka mata tabarau, har wasalin da ta daɗe tana lalube ya fito mata sarai.

Ranar da ta sake buɗe karatu tsakar gidanmu bai ɗauki mata ba, har zaure. Ta fito da tabarau a fuska, ta zauna bisa buzunta. Kafin a buɗe Alƙur'ani ta ba su labarin idonta da bakinta, ba ta rage komai ba. Ta ce duk mai suga a cikinsu, ko mai yawan ƙishirwa da fitsari, ko wadda idonta ke ruwa ko yaji, ta je a auna ta. Ta ce rubutu a sha, addu'a a yi, amma kada a zuba wa ido abin da ba a sani ba. Ni ma abin da zan ce wa mai karanta wannan ke nan. Idan kana da mai suga a gida ka ga idonsa na zuba, kada ka tsaya fassara. Idan ka ga fari a kan baƙin idon, ko da ba ya jin zafi, a ranar za ka nemi likitan ido.

Inna ba ta tsaya ga magana ba. Ranar kasuwa ta tara matan da suka ce suna jin alamu, ta sa su gaba zuwa wurin awo, ita da ta taɓa rufe fuska a kan benci. Gwaggo Dije ta bi su don rakiya kawai, tana ta yi wa masu tsoron huda yatsa dariya. Da aka gama da kowa Inna ta ce, "Saura ke."

"Ni? Ni lahiyata lau. Rakiya na zo."

"Miƙa yatsa, Dije."

Ta miƙa. Sugan Gwaggo ya fi na kowa hawa a ranar. Likitan wurin ya ce an yi sa'a an kama shi da wuri, idanunta da ƙafafunta lafiya lau.

Yanzu tare suke zuwa awo, tare suke karɓo magani. Jiya da safe Gwaggo ta shigo gaishe mu, na dama mata koko. Ina juya baya ta zaro wani ɗan ƙullin sukari daga bakin zaninta. Inna tana can ƙarshen tsakar gida a kan buzu, na ɗauka hankalinta na kan karatu. Ba ta ko ɗaga murya ba.

"Dije, aje shi. Da idon hagun ma na gane ki."